Abudu da Andani: Gida Ɗaya, Ƙofa Biyu

A Sagnarigu da kewayen Tamale, a arewacin Ghana, ba a cika raba maganar siyasa da maganar Abudu da Andani ba. Baƙo zai zaci ƙabilu biyu ne. A'a, 'yan uba ne.

Makaɗan tarihi na masarautar Dagbon, wato lunsi, suna fara salsalar gidan daga Tohazie, Jan Maharbi, wanda ake cewa daga wajen Zamfara ya fito. Daga tsatsonsa aka sami Naa Gbewaa da ya zauna Pusiga, kakan sarakunan Dagombawa da Mamprusi da Nanumba. A ƙarni na 19, sarkin Dagbon, Ya-Na Yakubu na ɗaya, ya bar 'ya'ya biyu, kowa da ɗakinsu: Abdulai (Abudu) da Andani. Wan ya hau buzun sarauta a Yendi, ƙanen ya gaje shi, aka shiga karɓa-karɓa.

A 1954 igiyar ta tsinke, da Abdulai na uku ya gaji mahaifinsa, sarauta ta maimaita gidan Abudu. Gardamar gado ba baƙuwa ba ce a gidan sarauta. Mu ma mun ga ta Kano. Abin da ya dagula ta Dagbon, a ganina, shi ne gwamnatocin Akara da suka mayar da ita jari. A 1969, daidai lokacin da Busia ke karɓar mulki, aka naɗa Mahamadu Abdulai na huɗu daga gidan Abudu, jami'an tsaro suka harbe mutane a Yendi. A 1974 gwamnatin Acheampong ta sauke shi, Yakubu Andani na biyu ya hau. Har yau akan jingina Abudu da jam'iyyar NPP, Andani da jam'iyyar NDC, ko da yake ba kowane ɗan gida ke bin wannan layi ba.

Ranar 27 ga Maris 2002 aka kashe Ya-Na Yakubu a fadar Gbewaa tare da mutanensa da dama. Dokar ta-ɓaci ta hau kan Tamale, har da Sagnarigu, wadda lokacin ba a yanke ta daga birnin ba. Shekara 17 babu Ya-Na.

Kwamitin manyan sarakuna ƙarƙashin Asantehene Osei Tutu na biyu ne ya sasanta. Aka yi wa marigayan sarakunan biyu, Mahamadu Abdulai da Yakubu Andani, bikin makokin da aka daɗe ana riƙewa, sannan a Janairun 2019 aka naɗa sarkin Savelugu, Abukari Mahama na biyu, daga gidan Andani, a matsayin Ya-Na. Waɗanda aka gurfanar kan kisan kuwa, tun 2011 kotu ta sallame su.