Ɗinkin 'Yan Fim A Yauri: Dakata Kafin Ki Sa Almakashi!

SANIN kowa ne ba labari da waƙa kaɗai 'yan mata ke kallo a fim ba. Tun tashen Sangaya da Wasila wajejen 2000 ake tsayar da kaset a ƙare wa wuyan rigar jaruma kallo. Da Labarina ya fito a 2020 sai abin ya koma waya: a ɗauki hoton ɗinki, a tura wa ƙawa. Ƙasar Yauri ma ba a bar ta a baya ba. Daga Yelwa zuwa Birnin Yauri, Wara da Shanga, da an sa ranar biki ko Sallah ta matso, za ka ji ana cewa, "Irin wannan na ke so."

To, matsalar ita ce lokacin ne teloli ke cika maƙil da aiki. Shi ya sa wasu da su ka koyi keke ke cewa bari su ɗinka abinsu a gida. Madalla da haka! Sai dai fa yadin kece raini ba atamfa ba ne. Leshin da ya taso daga Kantin Kwari a Kano, aka yi wata da watanni ana zubin adashi kafin a mallake shi, yanka ɗaya ya isa ya kashe shi. Kuma in anko ne, ina za ki samo wani?

Kowane yadi da halinsa

Shifon da siliki santsi gare su, su na gudu a ƙarƙashin almakashi. Ki shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙasa, ki kama yadin da ita da fil, ki yanke su tare. Allurar keke ƙarama za ki sa, lamba 9 ko 11, sabuwa dal, don dakusasshiya zare ta ke ja. In keken na cusa yadin cikin rami, sa 'yar takarda a ƙasa ki ɗinka, daga baya ki yage ta a hankali.

Leshi mai duwatsu shi ne mai karya allura. Kafin ki hau keke, ki bi layin da ɗinki zai bi ki cire duwatsun, ki adana su. In kin gama sai ki mayar da hannu inda ya yi fili. Sannan ki lura da bakin leshin mai ado: shi ake barin ya zama gindin siket ko bakin hannu, ba a kalmashe shi.

Karan-miski kuwa gashi gare shi. Shafa shi da hannu ki ji inda ya kwanta, ki yanke gaba da baya duk su kalli wuri guda. In kin saɓa, da kin fita rana rigar za ta zama kala biyu.

Ita ko shadda, musamman Getzner da ake yi a Ostiriya, ba ta mantuwa. Duk inda allura ta huda, ko an farke, tabon na nan.

Sirrin manyan teloli

Ba wani asiri ba ne illa gwaji. Ki fara yanka shafin ciki, ko wani yadi mai arha, ki harhaɗa ki saka, ki zauna, ki ɗaga hannu, ki durƙusa kamar za ki gaida surukai. Sai ya zauna daidai sannan ki ɗora shi kan mai tsadar ki fitar. Ki bar rara kamar inci ɗaya a gefe. Ragewa ba wuya, ƙari ne ba ya yiwuwa.

Guga ma wani tarko ne. In babu wuta aka koma dutsen gawayi, tartsatsi ɗaya ya isa ya huda shifon. Ki ɗora farin ƙyalle a sama, ki fara gwadawa a kan ragowar yanka.

Fim daban, Yauri daban

A nan ne 'yan mata da yawa ke ruɗuwa. Jaruma na iya canza kaya sau uku ko huɗu a waƙa guda, kowanne minti kaɗan ta yi da shi a gaban kyamara. Ke kuwa yini za ki yi a cikin naki, ga zafin bakin Tafkin Kainji, ga hawa babur, wataƙila ma biki ya kai ki ƙetare a jirgin ruwa, ko ki tsaya a cunkoson kallon Rigata. Siket ɗin da ya ɗaure gwiwa ba zai bar ki ki taka jirgi ba. Ki sake shi kaɗan, ki sa shafin auduga mai shan gumi, hannu da wuya kuma su zama waɗanda za ki iya shiga gaban iyaye da su ba tare da jan gyale ba.

Saboda haka 'yar'uwa, kar ki bari sai ana gobe biki. Fara da sati biyu, ki yi yanka da rana ido na gani. In kuma yadin ya fi ƙarfinki, ba abin kunya ba ne ki kai wa gwana ta yanka miki, ke ki ɗinka. Allah ya kai mu bikin lafiya, a ɗau wanka a kece raini!