Yadda kwamfuta ke bin sawun yashin da ke kashe shuka a Kurni

A Kurni, kusa da Matamaye a jihar Damagaram, manoma na fargabar guguwar farkon damina. Yashin da take kwasowa yakan yanke tsiron hatsi ko ya binne shi, sai an sake shuka.

Tun 1979 masana biyu, Cundall da Strack, suka fito da hanyar lissafa motsin kowace ƙwaya a kwamfuta. Yanzu ana haɗa ta da lissafin iska. Kwamfutar na nuna yashi tsalle yake daf da ƙasa, ƙwaya ta faɗo ta tayar da wasu.

Shi ya sa karan da aka bari a gona ke tare shi, itatuwan gawo kuma su rage ƙarfin iskar.