Amfanin Rajistar Waya Wajen Duba Ban-ɗakin Naƙasassu

A watan Janairun 2024 ne wa'adin shekara biyar da dokar kare haƙƙin naƙasassu ta bai wa masu gine-ginen jama'a a Nijeriya ya cika. Sai dai kafa ban-ɗaki mai fesa ruwan tsarki ba shi ne wahalar ba, kula da shi ne aiki. Takardar da akan liƙa a bayan ƙofa, ma'aikaci na iya cike ta mako guda a zama ɗaya. Rajistar waya kuwa da kanta take buga rana da lokaci, kuma akan tsara ta yadda sai an amsa kowace tambaya: bututun feshi, ɗumin ruwa, ƙarfen dafawa, igiyar neman agaji. Da wannan shaida mai gini zai biya ɗan kwangila, ko ya riƙe kuɗin.