Azurfa ko farin ƙarfe?

Ƴan'uwa, idan biki ya matso ana shiga kasuwar Tasawa ko ta Mayahi neman kayan ado: zobe, munduwa, awarwaro, sarƙa da ƴan kunne. A kan tabarmar mai talla duk farare ne, duk suna walƙiya. Amma kama da wane ba wane ba ne. Kafin ku fid da kuɗinku, ku san ƙarfen da za ku saya.

Na farko ita ce azurfa. Da ita aka san maƙeran fari na ƙasar Hausa da na Agadas. A da, tsofaffin kuɗi suke narkewa su yi aiki da su. Akwai na ƙasar Ostiriya mai hoton wata sarauniya, an rubuta 1780 a jikinsa. Akwai kuma dalar Faransa ta azurfa, mai nauyin giram 25. Azurfa tsantsa taushi gare ta, shi ya sa ake sa mata jan ƙarfe kaɗan don ta yi ƙwari. In kun ga lamba 925 a cikin zobe, ana nufin in an raba shi kashi 1000, kashi 925 azurfa ce.

Na biyu, farar zinariya. Ita zinariya ce aka gauraya da wani farin ƙarfe, aka shafe bayanta. Lambarta sau da yawa 750 ce. Ta fi azurfa tsada nesa ba kusa ba, kuma in shafen ya goge sai ta koma rawaya-rawaya. Ku tuna malamai sun ce zinariya ta mata ce, namiji zoben azurfa aka yardar masa.

Na uku shi ne filatinom, wanda yawancinsa daga Afirka ta Kudu ake haƙo shi. Yana da nauyi, ba ya dushewa, amma tsadarsa ta sa da wuya a gan shi a kasuwar ƙauye. Wanda ya miƙo muku shi da araha, ku yi hankali da shi.

Sai kuma masu kama da azurfa: sanholo, wato ƙarfen da ake yin tukwane da shi, da jan ƙarfen da aka shafa wa ruwan azurfa, da wani farin ƙarfe mai nikel wanda babu azurfa ko ɗigo a cikinsa. Shi wannan na ƙarshe yakan sa wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje a kunne ko a wuya.

To, yaya za ku gane ta gaske?

Ku ɗaga ku ji nauyi. Azurfa ta kusa ninka sanholo sau 4.

Ku kara mayen ƙarfe. In ya kama, ba azurfa ba ce. In bai kama ba kada ku saki jiki, don sanholo da jan ƙarfe ma ba ya kama su.

Ku duba wurin da ya goge. In ja ko rawaya ya leƙo, shafe ne.

Kada baƙi ya ruɗe ku. Azurfar gaske tana yin baƙi in ta daɗe, a goge ta da tsumma ta dawo fes.

Lamba ma ana buga ta jabu, kuma aikin maƙeranmu galibi ba shi da lamba. Don haka ku tafi wurin maƙerin da kuka sani. A auna a gabanku, a faɗa muku kuɗin giram daban, kuɗin aiki daban.

Me ya sa duk wannan wahala? Don kayan adon mace ajiyarta ce. A watan Janairu na 1994 an karya darajar sefa da rabi. Wadda ta ɓoye takardun kuɗi ta yi asara, mai azurfa kuwa kayanta sun ƙara kuɗi. Haka in damina ta ƙi, kamar yunwar da ta taɓa jihar Maraɗi a 2005, munduwar azurfa tana iya komawa hatsi. Ta sanholo kuwa, mai saye zai juya ta ya miƙo muku abinku.

In don kwalliyar sallah ce kawai, ku sayi mai sauƙi, ku biya kuɗin mai sauƙi. In kuwa na lefe ne ko na ajiya, gara zoben azurfa guda da awarwaron sanholo goma. Hausawa sun ce araha ba ta ado.