Kafin Ka Biya Kuɗin Jirgin Kamun Kifi A Teku, Yi Waɗannan Tambayoyin

Yau teku za mu shiga. Da yawanmu yanzu idan Allah Ya hore mukan ɗan fita hutu gaɓar teku, kuma da ka sauka bakin ruwa za ka ga masu jirage suna tallar fita kamun kifi. To ya ake zaɓen jirgin da za a bi? Ni sai da na sha wuya kafin na koya.

A Watamu abin ya faru da ni, wani ƙaramin gari a gaɓar tekun Indiya a ƙasar Kenya, arewa da Mombasa, kusa da Malindi. Garin ya yi suna wajen kamun manyan kifaye. Ni kuwa iyakar sanina da su shi ne na Argungu, a faɗa kogi da koma da gora. Muna yawo a bakin ruwa ni da abokaina biyu, wani saurayi ya tare mu, ya nuna mana hotunan kifaye a waya, ya faɗi kuɗin da bai kai rabin na sauran ba. Nan take muka biya.

Washegari bayan Asuba muka tarar da jirgi mai inji ɗaya, rigar kariya daga nutsewa guda biyu, mu kuma mu biyar har da matuƙi da yaronsa. Muka ce Allah na nan. Sai da ƙasa ta kusa ɓace mana, inji ya yi tari ya mutu. Babu rediyo, waya babu sabis. Fiye da awa biyu igiyar ruwa tana ɗaga mu tana saukewa, abokina yana ta amai, ni ina ta salati, har Allah Ya kawo wasu masunta suka ja mu. Ko ƙugiya ba mu jefa ba. Arha ba ta ado, wallahi ranar na yarda.

Bayan kwana biyu muka sake fita da wani dattijon matuƙi, nahodha kamar yadda Suwahilawa ke cewa. A wurinsa na gane cewa kuɗin da kake biya, ilimin matuƙi da amanarsa kake saya. Jirgi da fenti da hotuna duk a baya suke zuwa. Don haka kada ka gama ciniki da ɗan kamasho. Ka ce a haɗa ka da wanda zai tuƙa, ka je ka ga jirgin da idonka tun ana gobe.

Tambayar farko ta rai ce. Rigar kariya nawa ce a ciki? Kada ka tsaya a kan "akwai", ka ce a fito da su ka ƙirga, idan da yara a nemo daidai jikinsu. Inji nawa ne? Wanda zai yi nisa da gaɓa gara mai inji biyu, ɗaya ya mutu ɗaya ya dawo da ku. Akwai rediyon jirgi da ake kira VHF? Tasha ta 16 a kansa ita ce ta neman agaji a duk duniya, kuma ba ta dogara da sabis ɗin waya. Sannan takardu: a Kenya hukumar Kenya Maritime Authority ce ke kula da rajista da lafiyar jirage. Matuƙin kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Wanda ya fara ɓata rai ko ya ce "kada ka damu", to ka damu.

Ta biyu, wane irin kamu kake so? Iri biyu ne manya. Akwai wanda jirgi ke tafiya a hankali yana jan igiyoyi a bayansa, ana neman manyan kifayen tsakiyar teku: tuna, wanda suke kira jodari, da malin mai dogon baki kamar mashi, wanda babbansa kan fi saniya nauyi, da ɗan'uwansa mai faffaɗar ƙaya a gadon baya da ke buɗewa kamar tanti. Wannan kamun na masu haƙuri ne. Kana iya wuni ba abin da ya taɓa ƙugiya, sai kwatsam igiya ta fara gudu, ka shafe awa guda kana kokawa da kifi ɗaya. Akwai kuma wanda ake tsayawa kan duwatsun ƙarƙashin ruwa a saki fatsa ƙasa. Kifayen ba su kai waɗancan girma ba, amma an fi samu akai-akai, kuma ba a yin nisa sosai. Idan karonka na farko ne, ko kana tare da iyali, wannan na biyun na rabin wuni ya fi maka. Awa huɗu a kan teku ba wasa ba ce ga wanda bai saba ba, balle takwas.

Ta uku, lokaci. Iska biyu ke mulkin gaɓar gabashin Afirka. Kaskazi tana busowa daga arewa maso gabas, kamar daga Disamba zuwa Maris, ruwa ya fi kwanciya, kuma lokacin malin ke nan. Kusi tana zuwa daga kudu maso gabas daga wajen Afrilu, da ruwan sama da manyan igiyoyi, har jirage da yawa kan huta a yi musu gyara. Kenan idan ka je a watan Mayu wani ya yi maka alkawarin malin, kuɗinka yake so. Ka tambayi matuƙi me suka kama a makon nan, ba me suka taɓa kamawa ba. Duk wanda ya ce maka tabbas za ka kama, ƙarya yake. Kifi rabo ne.

Ta huɗu, kuɗi. A nan ake yawan faɗa bayan an dawo. Kuɗin jirgi duka ne, ko na kowane mutum? Ku kaɗai ne, ko za a haɗa ku da baƙi? Haɗaka ta fi sauƙi, amma bi da bi ake riƙe sanda, kuma ba ka da ikon cewa a juya idan jikinka ya ƙi. Idan ba ka son zama da masu shan giya, a nan za ka faɗa tun da wuri. Mai, kayan kamu, ruwan sha, abinci, izinin kamu, suna ciki? Awa nawa, kuma daga yaushe ake fara ƙirgawa? Idan teku ta ɓaci aka fasa, za a mayar maka da kafin alƙalaminka ko a sauya rana? A rubuta maka duk wannan ko a WhatsApp ne. Ka kuma ware ɗan ihsani na yaran jirgi, su ne ke wahalar ɗaure ƙugiya da ɗago kifi.

Ta biyar mutane kan manta da ita: kifin na waye? A jirage da yawa abin da aka kama na jirgi ne, sai dai a yanka maka na ci. Malin da danginsa kuwa masu jiragen kirki ba sa kashe su. Ana manna musu 'yar alama mai lamba a sake su, kuma akwai ƙungiyar African Billfish Foundation a Watamu da ke tattara bayanan don a san yawonsu. Sannan akwai yankin teku da gwamnati ta keɓe a Watamu tun 1968, inda kamun kifi haramun ne a dokance. Matuƙin da ya ce zai saci hanya ya kai ka can, kai ma yake jefawa cikin matsala.

Ta ɓangarenka kuma, ka yi barci sosai, ka ci abu marar maiƙo. Idan mota ma tana sa ka jiri, ka nemi shawarar mai kemis kan maganinsa, kuma kafin a hau ake sha, ba bayan amai ya fara ba. Yana sa barci, ka sani. Idan jiri ya zo, ka zauna a iska ka kafa ido can inda sama ta haɗu da ruwa, ka ajiye waya. Hula, tabarau, riga mai dogon hannu. Ka bar wa wani a masauki sunan jirgi da lokacin dawowarku.

Fitarmu ta biyu mun biya kusan ninki biyu. Dattijon nan kafin ya tada inji sai da ya nuna mana inda riguna suke da yadda ake kira a rediyo. Mun kama jodari biyu matsakaita, aka gasa mana ɗaya da daddare. Da azahar ya ga iska ta fara sauyawa ya ce mu juya, abokina ya so musu, ya ce masa: "Ɗana, kifi yana nan gobe."

A nan za mu dakata. Wanda yake da aboki mai shirin tafiya gaɓar teku, ya tura masa. Allah Ya kai mu lafiya Ya dawo da mu lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.