Matsayin Siffa a Tsarin Shafukan Intanet

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana aikin da siffa take yi wajen tsara shafin intanet. Abin da ake nufi da siffa a nan shi ne surar da layi yake bayarwa idan ya kewaye wani fili, wato kamar murabba'i ko da'ira ko alwatika. Ido yakan ga siffa tun kafin ya karanta rubutun da ke cikinta, saboda haka mai tsara shafi da ya yi sakaci da ita yana iya ɓad da mai karatu.

2.0 Rinjayen Akwati

Ƙa'idar CSS, wadda ƙungiyar W3C ta fitar a shekarar 1996, tana ɗaukar kowane abu da ke kan shafi, hoto ne ko sakin layi, a matsayin akwati mai kusurwa huɗu. Wannan ne ya sa shafukan farko suka kasance masu kaifin kusurwa. Duk wanda ya so ya lanƙwasa kusurwoyin akwati a wancan lokaci, sai ya yanka ƙananan hotuna huɗu ya liƙa ɗaya a kowace kusurwa, aiki mai cin rai. Wahalar ta kau ne bayan manhajojin buɗe shafuka sun karɓi umurnin lanƙwasa kusurwa, musamman da Internet Explorer 9 ta fito a 2011.

3.0 Abin da Siffa Take Isarwa

A wani bincike da Moshe Bar da Maital Neta suka buga a 2006, an gano cewa mutane sun fi son abubuwa masu lanƙwasa bisa ga masu tsini. Wataƙila wannan yana cikin dalilan da suka sa Twitter ta mayar da hotunan masu amfani da ita daga murabba'i zuwa da'ira a 2017. Alwatika kuwa alƙibla take nunawa. Wadda ake dannawa don kunna bidiyo gado ce daga na'urorin kaset, kuma ma'anarta sabo ne ya kafa ta, ba wai tana tattare da siffar ba ne.

A nan ne haɗarin yake. Idan mai karatu ya saba cewa akwati mai iyaka da inuwa shi ne maɓalli, cire masa waɗannan alamomi rikita shi ne. Haka ya faru da salon shimfiɗaɗɗen zane wanda ya bazu bayan fitowar iOS 7 a 2013, inda maɓallai da yawa suka koma tamkar rubutu kawai. Binciken Nielsen Norman Group na 2017, wanda ya bi motsin idanun masu karatu, ya nuna cewa sun ɓata ƙarin lokaci da ya kai kashi 22 cikin 100 a kan shafukan da alamomin dannawarsu suka raunana. A ganin wannan marubuci, ado irin wannan bai kai farashinsa ba, musamman a shafin banki ko na asibiti inda kuskuren dannawa yake jawo asara.