Daga Jikwoyi Zuwa Bakin Teku: Kalmomin Bayanin Tafiyar Gwiɓa Cikin Kwamfuta

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya yi damina a Jikwoyi, kan hanyar Nyanya zuwa Karshi a yankin Abuja, ya san yadda ruwan sama kan kwashi jar ƙasa daga tudu ya zuba a kwalbati. Ruwan wannan yanki a ƙarshe yakan faɗa Kogin Kwara ko Binuwai, waɗanda suka haɗe a Lokoja suka nufi Tekun Atilantika. A yau masana na amfani da kwamfuta wajen kintatar inda irin wannan ƙasa za ta kwanta. Manufar wannan takarda ita ce bayyana yadda aikin yake, tare da duba kalmomin da Hausa za ta yi bayaninsa da su.

2.0 Rabe-raben Gwiɓa

A nan an ɗauki kalmar gwiɓa, wato abin da kan kwanta a gindin tulu idan ruwa ya natsa, a matsayin sunan da ya game duk abin da ruwa ke ɗauka ya ajiye. Bahaushe yana da tsakuwa da yashi da rairayi da turɓaya da laka da yumɓu da taɓo, sai dai ya raba su ne bisa amfaninsu: magini na neman yashi, mai ginin tukwane na neman yumɓu, matafiyi kuwa na gudun taɓo. Masana ƙasa kuma girman ƙwaya suke dubawa. A ma'aunin da Wentworth ya fitar a 1922, abin da ya wuce milimita 2 tsakuwa ne, daga milimita 2 zuwa 0.0625 yashi ne, abin da bai kai 0.004 ba kuwa yumɓu ne. Ajin da ke tsakanin yashi da yumɓu shi ne ba shi da tsayayyen suna a Hausa, kuma shawararmu ita ce a keɓe masa turɓaya. Rairayi sai ya tsaya a kan lallausan yashi, laka kuma ta zama gamin turɓaya da yumɓu.

Wannan rarrabewa tana da muhimmanci domin kowane aji da irin tafiyarsa. Tsakuwa da yashi kan gangara ko su yi tsalle a ƙasan kogi, turɓaya da yumɓu kuwa ruwa kan goya su. Bisa ƙa'idar Stokes ta 1851, idan aka rage faɗin ƙaramar ƙwaya da rabi, saurin nitsewarta kan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Haka kuma Hjulström ya nuna a 1935 cewa yumɓun da ya riga ya kwanta ya fi lallausan yashi wuyar ɗagawa, saboda danƙonsa. Idan laka ta isa ruwan gishiri kuma, sai ƙwayoyinta su dunƙule su nitse da sauri.

3.0 Yadda Kwamfuta ke Aikin

An saba fassara sunan wannan aiki da samfuri, amma a kasuwa samfuri ɗan abin da aka gutsuro ne don mai saye ya gani. Abin da kwamfuta ke yi ya fi kusa da kwaikwayo, don haka muka zaɓi kwaikwayon kwamfuta.

Da farko akan raba taswirar ruwan zuwa dubban ƙananan gidaje kamar gidajen dara. A kowane gida akan shigar da zurfin ruwa da irin gwiɓar da ke ƙasansa, sannan a ƙara bayanin iska da raƙuman ruwa da cika da janyewar teku. Daga nan kwamfuta za ta lissafa saurin ruwa da inda ya dosa, ta duba ko ƙarfinsa ya kai ya ɗaga ƙwayoyin wurin. Sai ta kwatanta gwiɓar da ta shiga gidan da wadda ta fita. Idan mai shiga ta fi yawa, wurin ya cike. Idan mai fita ta fi, an samu zaizaya ke nan. Akan maimaita wannan lissafi daki-daki har a ga abin da zai faru cikin watanni ko shekaru. Manhajojin da suka yi fice sun haɗa da Delft3D ta ƙasar Holan da MIKE 21 ta Denmak. Duk da haka, ba a amincewa da sakamakon sai an gwada shi da awon da aka yi a cikin ruwan kansa.

Filin wannan aiki ya kama daga gaɓa zuwa shimfiɗar da ke ƙarƙashin teku wadda zurfinta kan kai kimanin mita 200 kafin ta gangara. Tun da ta yi kama da dakalin ƙofar gida, ana iya kiran ta dakalin teku.

4.0 Misalai Daga Nijeriya

A gaɓar Legas raƙuman ruwa kan tura yashi daga yamma zuwa gabas. Tsakanin 1908 da 1912 aka gina katangun duwatsu a mashigar tashar jiragen ruwa, sai yashi ya riƙa taruwa a yamma, gaɓar Bar Beach da ke gabas kuma teku ta yi ta cin ta shekara da shekaru. Irin wannan illa ce kwaikwayon kwamfuta ke iya hangowa tun kafin a aza dutse. A Arewa ma, madatsun ruwa irin su Kainji ta 1968 da Tiga ta 1974 suna tare gwiɓa, wadda kan rage musu ciki. A 2009 kuma gwamnatin Umaru Musa 'Yar'aduwa ta ƙaddamar da yashe Kogin Kwara daga Warri zuwa Baro, aikin da ɗorewarsa ta dogara da sanin saurin da hanyar jiragen za ta sake cikewa.

5.0 Kammalawa

Littafin Hausa Metalanguage na 1990, wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace, ya daidaita kalmomin nazarin harshe da adabi, kuma fannin ƙasa da ruwa na buƙatar irin wannan aiki. Mai fassara a gidan rediyo da ya kira turɓaya da yumɓu da taɓo duka laka, ya ɓatar da bambancin da lissafin ya dogara a kai, mai sauraro kuma ba zai gane dalilin cikewar madatsarsa ba. Kalmomin da aka kawo a nan shawara ce. Ya kamata masana harshe su zauna da injiniyoyin ruwa da masu haƙar yashi da masunta, a auna kowace kalma da karin harshen Kano da Sakkwato da Katsina, kafin a shigar da ita littattafan makaranta.